Honda CB350 na baba: sitata ba ta juya injin, kik kuma yana zamewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Aboabo nake, nan Kumasi. Baba ya bar mini tsohon babur Honda CB350 mai silinda biyu, ina so in dawo da shi kan titi. In na danna maɓallin sitata sai in ji ƙas ƙas kawai. Kik kuma wani lokaci ya kama, wani lokaci ƙafata ta wuce ƙasa fayau. Wani fita, wato makanike, ya ce a cire sitatar a huta. Zuciyata ba ta kwanta ba, don yadda baba ya riƙe shi nake so ya zauna. Me kuke gani?

Masta daga Suame Magazine:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka cire komai tukuna. Ƙas ɗin nan selinoid ne, aikinsa haɗa babbar wuta daga batir zuwa sitata. Tunda yana ƙara, maɓalli lafiya. Auna batir: cikakke volt 12.6 ne, in ka danna ya faɗi ƙasa da 10, ya gaji. In batir lafiya, goge kawunan wayoyi da wayar at (wadda ke haɗa batir da jikin babur), sannan a buɗe sitata a duba burushinta, sukan cinye. Ciwon naka daban yake da wanda sitata ke juyawa fiii injin bai motsa ba. Wancan ciwon a bayan roto (ƙarfen da ke juyawa yana cajin batir) yake, gefen hagu: sitata na jan sarƙa, sarƙa ta ja wani ɗan kuloci mai rola uku da ke kamawa ta ɓangare ɗaya, ya saki da zarar injin ya tashi. Sifirin (spring) da ke tura rolar ƙanana ne, su ke mutuwa.

Wani Alhaji daga Asawase:
Yarona, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe kayan mahaifinka. Honda ta yi irin wannan daga 1968 zuwa 1973, kuma wutar fulogi daga batir take zuwa, ta kontak da koyil. Ko an cire sitata, in batir ya mutu za ka yi ta shuri har zufa ta jiƙa riga bai tashi ba. Saboda haka shawarar fitan nan ba za ta raba ka da sayen batir ba.

Mai tambaya:
Amin Alhaji, na gode. To zamewar kik ɗin fa, Masta?

Masta daga Suame Magazine:
Fara daga waje. Dubi inda ƙarfen kik ya riƙe sanda, in haƙoran wurin sun lashe ko noti ya saki, ƙarfen kaɗai zai sauka. Sai kuloci. A wannan babur ƙarfin ƙafarka ta giya yake bi, ya ratsa kuloci, sannan ya juya karanshaf, babbar sandar injin. Shi ya sa dole ka sa firi kuma ka saki hannun kuloci. In wayar kuloci ta yi tsauri ko faifansa sun cinye, kik zai zame alhali shi ba laifinsa. Haƙoran ciki su ne na ƙarshe da za a zarga, don sai an raba injin gida biyu, aiki ne mai kuɗi.

Alhaji:
Kuma ka taka a hankali har ka ji ya yi tauri, ka bar shi ya dawo sama, sannan ka sauke nauyin jikinka gaba ɗaya har ƙasa. Rabin shuri ke cinye haƙora. In an gyara, biyo da shi Asawase in ji kukansa.