Ƙara wa babur mai ƙafa huɗu ƙarfi: wa ya taɓa gwadawa a nan?

Manomin hanyar Mai'aduwa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Yamaha Blaster, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, na hannu na saye shi, da shi nake kai-komo tsakanin cikin Daura da gonarmu ta wajen Mai'aduwa. Injinsa mai bugu biyu ne kamar na Jincheng ɗin da, silinda ɗaya, cc 195, iska ke sanyaya shi. A kan tsandauri ba ni da ƙorafi. Amma da zarar na faɗa rairayin rafi da buhun taki ɗaure a baya, sai ya kama nishi, sai na dawo giya ta ɗaya sannan mu fita da ƙyar. Wani bakanike ya ce in kawo ya faɗaɗa ƙofofin silinda ya kuma zabge kan injin. Wani ya ce salansa kawai zan canza. Na kalli bidiyon Turawa har na gaji, su tsere suke yi, da fetur ɗinsu da yanayinsu. Wanda ya gwada a ƙasar nan tamu nake nema, ya faɗa mana abin da ya yi da yadda ta kaya, ko daɗi ko akasinsa.

Tsohon bakanike, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka bari wani ya sa ƙarfe a cikin silindarka, yaushe rabon da a canza masa ringi? Tun 2006 aka daina sayar da sabon Blaster a Amurka, ka ga duk wanda ya iso mana ya sha duniya. Yawancin waɗanda ake kawo mini da kukan rashin ƙarfi, ba ƙari suke buƙata ba, nasu na asali ne ya zube. Ringi ya cinye, oyil sil na kiranshaf yana shan iska, iyakilina ta toshe. A mayar masa da ƙarfinsa tukuna a ga ko ya isa.

Batun faɗaɗa ƙofa kuwa, na yi shi a Jincheng da Suzuki AX100 tun zamanin da su ne acaɓa a garin nan, kafin Boxer ta zo ta kore su. In ka ɗaga ƙofar hayaƙi sama, ƙarfin ba ƙaruwa yake yi ko'ina ba, ƙaura yake yi. Ya bar ƙasa ya koma sama, sai injin ya yi kuka sosai sannan ya ja. Yaro mai son gudu a kwalta zai yi murna. Kai da kake tashi da kaya a cikin rairayi, ƙarfin ƙasan nan shi ne abincinka, shi kuma za a yanke maka. Kuma ƙarfen da aka gurje ba ya dawowa, sai dai ka nufi Ƙofar Ruwa a Kano neman wata silindar, in ma an dace da ita.

Ga abu mai arha. Sifoket ɗin gaba na Blaster haƙora 13 gare shi, na baya 40. Sa mai 12 a gaba. Ba zai ƙara wa injin komai ba, amma tayar za ta ji bambanci, gudun ƙarshe ne kawai zai ɗan ragu.

Mai Banshee, Katsina

Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ba da nawa tunda an ce a faɗi har da mara daɗi. Nawa Banshee ne, shi ma Yamaha mai ƙafa huɗu, silinda biyu, cc 347, mai lagireto. Asalin injinsa na babur ɗin RD350 ne, shi ya sa ko ba a taɓa shi ba mahaukaci ne a sama. Na sa masa salansar tsere guda biyu da soson iska mai buɗaɗɗen baki. Babban jet ɗin da ya zo da shi, wato 'yar ƙofar da ke auna mai a cikin kafireta, lamba 200 ne, aka yi ta hawa da shi har muka tsaya a 270. A cikin Afrilu aka yi wannan aiki, ana zafin nan da ko inuwa ba ta da amfani. Fulogi ya fito da launin ƙasa mai kyau, kowa ya ce an gama.

Haka na yi ta hawa har damina ta wuce, ba matsala. Wata safiya a Disamba, ana hunturu, na fita wajen Ajiwa. Wallahi ban taɓa jin injin ya yi daɗi kamar ranar ba. Ƙararsa ta yi tsini, ɗan taɓa totur kaɗan sai gaba ya nemi tashi. Na buɗe masa wuta a wani miƙaƙƙen fili, na riƙe. Sai ƙarar ta shaƙe lokaci ɗaya, tayoyin baya suka ƙulle, ya fara jan ƙasa da ni. Allah Ya sa hannuna na kan kuloci na damƙe.

Da muka buɗe, fistan ɗin hagu ya yi zane-zane ta ɓangaren hayaƙi, alminiyon ya narke ya shafe bangon silinda, ringin ya manne a raminsa. Fulogin fari fat, ba ɗigon baƙi. Iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi, ita ke nan. Kafireta na ba da man da aka auna wa Afrilu, injin kuma yana zuƙar iskar Disamba, mai ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa. Yanzu jet biyu nake ajiyewa, na bazara da na hunturu, na hunturun ya fi girma da mataki biyu. Duk wanda ya ji injinsa ya yi daɗin da bai saba ba da sanyin safiya, ya tsaya ya cire fulogi ya duba.

Tsohon ɗan acaɓa, Sabuwar Unguwa

Mu dai a zamaninmu salansa muke farkewa mu zare cikinta. In ka taho tun daga Ƙofar Soro an san kai ne. Ƙarfi kuwa, oho. Mai ne kawai ya ƙara sha, fasinja mata kuma suka daina tsayar da ni.

Malamin koyar da kanikanci

Abin da ya same ka ke nan, ɗan'uwa, don a injin mai bugu biyu salansa rabin injin ce. Ku lura da siffarta a Blaster ko Banshee: ta fito siririya, ta kumbura a tsakiya, ta sake tsukewa. Lokacin da ƙofar hayaƙi ta buɗe, bugun iskar da ya fita yana bi ta inda bututun ke faɗaɗa, sai ya janyo sabon haɗin mai da iska zuwa cikin silinda, har wani ya bi hayaƙi ya fice. Da bugun ya isa inda bututun ke tsukewa sai ya dawo baya, ya turo wancan man da ya tsere ya mayar da shi ciki kafin fistan ya rufe ƙofar. Wani injiniya a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya ƙware a kan wannan a shekarun 1950. Matuƙinsa Ernst Degner ya gudu a 1961 ya koma Suzuki, a 1962 kuma ya ci gasar duniya ta cc 50 da babur ɗinsu.

Abin da ya shafi mai tambaya shi ne, bugun nan da gudun sauti yake tafiya, don haka tsawon bututun ne ke yanke inda ƙarfin zai faɗo. Gajere na sama ne, dogo na ƙasa da tsakiya. In za ka sayi salansa, kada ka ce a ba ka mai ƙarfi, ka ce wadda aka yi don ja daga ƙasa. Kuma ranar da ka ɗaura ta, ranar za ka ƙara jet, ba washegari ba.

Mai walda, Daura

Malam, na taɓa naɗa irinta da hannu daga falanki, mazurari-mazurari na haɗa, na kwaikwayi wata da aka kawo gyara. Ta yi kyau a ido. Da aka ɗaura, ƙasa ya mutu murus, sama kuma sai ya zo da fizga kamar zai jefar da mutum. Ashe wadda na kwaikwaya ta injin da ya fi shi juyi ce. Mai babur ɗin ya mayar da tsohuwarsa, tawa tana rataye a shago har yanzu, yara na tambaya ko kakaki ce.

Hajiya mai lambu, Ajiwa

Ni ba bakanike ba ce, amma ni ke biyan kuɗin gyara, don haka ina da ta cewa. Muna da irin naka a lambu, yara ke kai kayan feshi da tiyo da shi. Ɗaya daga cikinsu ya ji an ce in aka cire murfin akwatin iska yana ƙara gudu, ya cire ya ɓoye bai gaya wa kowa ba. Kafin a gama noman rani babur ya daina tashi da kik sai an tura. Da aka kwance a gabana, bakaniken ya zura yatsa cikin robar da ke tsakanin soso da kafireta, ya fito da shi ja jawur da ƙura, ya murza mini a tafin hannu, gari ne mai kaifi. Ya ce duk wannan ta cikin injin ya bi, shi ya cinye ringi da bangon silinda. Sai da aka yi borin, wato aka faɗaɗa ramin silinda, aka sa fistan na gaba a girma. Tun daga nan murfin yana wurinsa, soson kuma ana wanke shi a shanya a shafa masa mai duk ƙarshen mako in ana hazo.

Sannan ku riƙa faɗin kuɗin mai. Tunda aka cire tallafi a Mayun 2023, duk abin da zai sa a ƙara girman jet, aljihuna yake taɓawa kafin ya taɓa taya.

Mai Banshee, Katsina

Hajiya, ba a musu da ke a nan. Mai tambaya, famfon man injin naka yana aiki kuwa? Blaster da tankin 2T, wato man injin mai bugu biyu, daban yake zuwa, famfo ke aunawa. Ni shawarata a toshe shi a koma haɗawa a tanki kamar Banshee, kashi 32 na fetur da kashi 1 na 2T, wato mililita 125 a lita 4. Abin da ka auna da hannunka ka san ya shiga.

Tsohon bakanike, Ƙofar Ƙaura

A nan mun rabu, yarona. Kai kaɗai ke hawan naka, kai ke zuba masa mai. Na gona kowa hawa yake, wata rana wani zai tsaya wajen 'yan bumburutu ya cika tanki da zallan fetur ya manta da 2T, kafin ya isa gida injin ya kama. Famfon Yamaha ba ya cika mutuwa haka kawai, abin da na fi gani tiyo ne ya tsage ko tanki ya ƙafe ba a duba ba. A sabunta tiyo, a fitar da iskar da ke cikin layin, a bar shi. Wanda kuma ya nace sai ya koma haɗawa, ya sani cewa man 2T ɗin ta cikin jet ɗaya yake bi da fetur, yana cin gurbinsa, dole a ɗan ƙara jet. Masu labta mai da yawa don wai kare inji, fetur suke ragewa ba su sani ba. Kuma don Allah a daina zuba baƙin man mota a madadin 2T. Na sha kankare ƙofar hayaƙin da gawayi ya toshe rabinta saboda shi.

Bakaniken janareta da injin yankan itace, Mashi

Ba wanda ya taɓo zabge kan inji, bari in sa baki. Yana ƙara ƙarfi tun daga ƙasa, wannan gaskiya ne, shi ma ya fi dacewa da mai tambaya fiye da faɗaɗa ƙofa. Amma ba a yi da ka. Ana lanƙwasa 'yar dalma mai laushi a zura ta ramin fulogi har ta taɓa bangon silinda, a juya injin da hannu fistan ya matse ta, a ciro a auna kaurinta. Shi ne ratar da ke tsakanin fistan da gefen kan injin. Wanda zai zabge maka bai yi wannan awon ba, ɗauki kayanka ka tafi.

Na ga wanda aka zabge wa fiye da kima. Da man gidan mai lafiya lau yake tafiya. Ranar da ya sha na jarka a ƙauye, ga zafin rana ga kaya, sai ka ji yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Mai shi ya ɗauka sarƙa ce ta saki. Da aka buɗe, saman fistan duk ya yi ramuka ƙanana, gefensa ya fara gutsurewa. Injin da iska ke sanyaya wa, yana tafiyar hawainiya cikin rairayi a watan Afrilu, dama can a bakin iyakarsa yake. In za a rage, kaɗan, kuma ka san inda kake shan mai.

Manomin hanyar Mai'aduwa

Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na kai an buɗe jiya. Ringi ya tafi, oyil sil na ɓangaren magneto kuma yana tsiyaya, kamar Baba yana wurin. An canza su, an sa sifoket mai 12, famfon mai na bar shi. Silinda ba a taɓa ba. Salansar da Malam ya kwatanta zan sa a nemo mini, amma sai bayan girbi.

Malamin koyar da kanikanci

Madalla. Tunda an sa sabon ringi, bi shi a hankali na tankin farko, kada ka riƙe totur a buɗe. Wace shekara ce naka? Kafin 2003 birkin gaban Blaster na ganga ne mai waya, daga 2003 aka koma na faifai mai amfani da mai.

Manomin hanyar Mai'aduwa

Na 2001 ne, mai waya. Na dama ma ya fi na hagu kamawa, in na matse sai ya ja ni gefe.

Tsohon bakanike, Ƙofar Ƙaura

To wannan kada ya jira girbi. Ɗaga gaban a kan bulo, ka juya tayoyin da hannu kana matsa birkin a hankali, ka daidaita wayoyin har su kama tare. In takalman sun cinye, canza duka ɓangarorin biyu rana ɗaya.