Wane irin kale ne zai yi a zafin nan namu, kuma wanne ya fi daɗi a tukunya?

Sabon Manomi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da fangali huɗu a bayan gida, wajen Zariya, kuma akwai rijiya kusa. Irin kale, ganyen nan dangin kabeji, kala uku ne a hannuna: Winterbor mai murɗaɗɗen ganye, da Lacinato, da Red Russian. Yaushe ya kamata in zuba irin, kuma wace tazara zan ba su? Sannan gaskiya ne kale yana da ɗaci har yara ba sa iya ci? In haka ne, wanne zan fi bai wa wuri cikin ukun nan? Allah ya saka da alheri.

Mai Lambu:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin zancen iri, fara da zancen lokaci, domin shi ne ke yanke hukuncin ɗanɗano. Kale ɗan'uwan kabeji ne da bai naɗe kai, kuma shukar sanyi ce. Ya fi jin daɗinsa tsakanin digiri 15 zuwa 24. Idan sanyi ya kama shi sai ya tara sukari a ganye don kare kansa, shi ya sa a arewacin Jamus al'adarsu sai ƙanƙarar farko ta sauka suke fara tsinkarsa. Zafi da ƙishirwa kuwa akasin haka suke yi: ganyen ya yi kauri, ya yi tauri, ɗacin ya fito fili. Mafi yawan masu cewa kale ba ya ciyuwa, wanda ya sha ranar Maris ko Afrilu suka ɗanɗana.

To mu ba mu da ƙanƙara, hunturu muke da shi. Ka lissafa yadda tsinka za ta faɗo daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare ke saukowa ƙasa da digiri 15. Ke nan ka zuba iri a farkon Oktoba, ka yi dashe a farkon Nuwamba. Mutanen Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, suna da sararin da ya fi wannan. Kai da ke Zariya ba ka da shi.

Wajen reno, ka ja layi da yatsa, zurfinsa kada ya wuce santimita 1, tsakanin layi da layi santimita 10. Ka rufe da ƙasa mai laushi, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama, ka ɗauke ta da zarar tsiro ya leƙo, wato cikin kwana 5 zuwa 8. In ka bar ciyawar, ko ka zuba irin ya yi cunkoso, tsiron zai yi dogon wuya ya sirance, sai ka ga gindinsa ya yi baƙi ya kwanta. Wannan ruɓewar gindi ce, yawan laima da rashin iska ke kawo ta. Ruwa sau ɗaya da safe ya isa.

Bayan mako 4 zuwa 5, idan ya yi ganye huɗu ko biyar na gaskiya, ka dasa da yamma. Winterbor da Red Russian suna buɗewa, ka ba su santimita 50 zuwa 60 ta kowane gefe. Lacinato miƙewa sama yake yi, 45 ta ishe shi. Kowane murabba'in mita ka cakuɗa masa kilo 2 zuwa 3 na ruɓaɓɓen taki tun kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, kada ka kusance shi. Mako uku bayan dashe ka binne yuriya cikin murfin kwalba ɗaya ga kowace shuka, nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu, ka bi da ruwa nan take. Kada ƙasa ta bushe ƙarƙaf sannan a malale ta. Laima daidai kullum ita ke ba da ganye mai taushi.

Tsinka kuma daga ƙasa ake farawa. Ka karya ganye biyu ko uku a kowace shuka duk mako, ka bar aƙalla biyar ko shida a sama, kuma kada ka taɓa tohon tsakiya. Nan ne rayuwar shukar take.

Da ni ne, Lacinato zan bai wa fangali biyu, sauran su raba ɗaya ɗaya.

Uwar Gida:

Ɗan'uwa, abin da Malam Mai Lambu ya faɗa kan lokaci haka yake. Amma ko wanda aka noma daidai, in aka dafa ukun nan iri ɗaya za a zalunci biyu daga ciki.

Winterbor shi ne mafi tauri, kuma ɗacinsa ya fi fita, da ɗan yaji-yaji a bayan harshe. Amfaninsa shi ne ba ya narkewa, kuma murɗin nan na ganyensa yana riƙe miya. Shi ne na kwaɗo. A zare jijiyar tsakiya gaba ɗaya, a yanka, a wanke sau biyu ko uku domin yashi da ƙwari suna maƙalewa a cikin murɗin. A zuba a ruwan da ya riga ya tafasa, da gishiri cokali ɗaya a lita biyu, a bar shi minti 3 zuwa 4 ba tare da rufe tukunya ba. A tsame, a zuba masa ruwan sanyi, a matse sosai. Wannan ruwan da aka zubar ya tafi da yawancin ɗacin. Sai a haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, barkono da ɗan man gyaɗa, kamar dai kwaɗon zogale. Gardin gyaɗa yana danne ragowar ɗacin, yara ma za su ci.

Lacinato kuwa dogo ne siriri, kore mai duhu sosai, jikinsa gurji-gurji. Asalinsa daga yankin Tuskani ne na Italiya, inda suke dafa shi da wake da busasshen burodi a miyarsu ta ribollita. Ɗacinsa kaɗan ne, yana da ɗan zaƙi da gardi, kuma yana jure wuta. A ganina shi ne ya fi dacewa da girkinmu. A faten wake ko faten tsaki, a yanka shi siriri a zuba saura minti 10 a sauke. A miyar taushe yana maye gurbin alayyahu, sai dai a sa shi da wuri fiye da alayyahu, a kuma rage yawa, domin ba ya zubewa ya koma kaɗan kamar yadda alayyahu ke yi. Inda ake sa ɗauri uku na alayyahu, ganyen Lacinato goma sha biyu ya wadatar.

Red Russian shi ne lallausan cikinsu, ganyensa shimfiɗaɗɗe mai tsaga-tsaga, jijiyarsa ruwan hoda zuwa shuɗi-ja. Ba ya son dogon dahuwa ko kaɗan. Minti 3 a kasko da albasa da tafarnuwa, shi ke nan. Ƙananan ganyensa ana ci ɗanye: a yanka, a sa gishiri kaɗan da cokalin mai, a murza da hannu minti biyu har ya yi laushi ya ƙara duhu, sai a matsa lemun tsami daf da za a ci. Aibinsa ɗaya, saurin yaushi. In an tsinke shi da safe a ci shi a ranar.

Abu biyu ke ɓata kale a tukunya. Na farko kanwa. Gaskiya tana sa ya yi kore shar ya yi laushi da wuri, amma tana mai da shi dagwalo, tana kuma lalata bitamin C ɗin da ke ciki. Na biyu barin sa ya daɗe a wuta a rufe, nan ne warin nan na kabeji ke tashi, launin ya koma na ɗanyar ƙasa. Tsami ma yana dusashe korensa, don haka in za a haɗa da yakuwa a sa kale ɗin daga baya.

Malamin Gona:

Na yarda da lissafin lokacin, amma ina da ja a wuri ɗaya, Malam Mai Lambu. Zuba iri a farkon Oktoba yana nufin tsiron zai tashi cikin zafin ƙarshen damina, kuma a irin wannan zafin ne wata ƙaramar tsutsa mai saƙa zare take shiga tohon tsakiya ta cinye. Shukar da ta rasa tohonta ba ta ƙara miƙewa, sai dai ta yi 'yan rassa marasa amfani. Saboda haka dole a rufe wurin reno da gidan sauro tun ranar da aka zuba iri, a danne gefensa da ƙasa. Wanda ba zai iya ba, gara ya jinkirta zuwa tsakiyar wata.

Bayan dashe abokan gaba biyu ne. Akwai koriyar tsutsar kabeji, ƙarama, mai zama a bayan ganye tana kankare shi har ya zama kamar taga. In ka taɓa ta sai ta yi ta mutsu-mutsu ta sauka da zare. Ta yi suna wajen sabawa da magungunan feshi, shi ya sa ƙara ƙarfin magani ba ya magance ta. Abin da ke aiki shi ne maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsa, a fesa da yamma a bayan ganye duk kwana 7 tun tsutsar tana ƙarama. Sai darɓa, mai taruwa kamar toka a kan sabon ganye, kuma a jikin Winterbor ta fi samun maɓoya. A daka ƙwallon darbejiya giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa. Tun da duk mako ake tsinka ana ci, maganin da ke buƙatar jiran mako biyu kafin girbi bai dace da wannan ganye ba.

In ka ga gefen ganye ya yi rawaya, rawayan yana shiga ciki yana tsukewa, jijiyoyin wurin sun yi baƙi, to baƙar ruɓa ce. Ba ta da maganin warkarwa. Ka tuge shukar ka fitar da ita daga lambu, ka daina watsa ruwa ta saman ganye, kuma kada kabeji ko danginsa su koma wannan fangalin sai bayan shekara 3.

Sannan akwai irin kale na huɗu da ba ka lissafa ba: kale ɗin Habasha, Brassica carinata. Ya fi ukun nan jure zafi, ganyensa mai taushi ne, ɗanɗanonsa sassauƙa, kuma cikin mako 5 zuwa 6 da shuka ana fara yanka. Idan hunturu ya wuce ka ga naka sun fara ɗaci, shi ne zai riƙe ka. Matsalarsa saurin fure, don haka a riƙa shuka sabo duk bayan mako uku.

Sabon Manomi:

Madalla, na gode ƙwarai. Saura ɗaya: zan iya barin wasu su yi iri don baɗi?

Malamin Gona:

Daga ukun da ke hannunka, kada ka sa rai. Kale na Turai sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni kafin ya yi fure, hunturunmu kuwa da wuya ya kai haka. Winterbor ma haɗaɗɗen iri ne, F1, ko ya yi 'ya'ya ba za su fito kamar uwarsu ba. Na Habasha ne zai ba ka iri ba wahala: ka bar shuka biyar masu ƙarfi, idan kwanson ya yi ruwan ƙasa ka yanke kafin ya fashe, ka shanya a inuwa. Ragowar irin da ke takarda kuma ka sa a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi, zai kai shekara uku yana tsira. In akwai mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, a gidan, a gaya wa likitansa kafin kale ya zama abincin kullum, domin bitamin K ɗinsa yana da yawa kuma yana rage ƙarfin maganin.