Sababbin ƙarshen adireshin intanet irin su .shop da .xyz, riba ce ko jawo wa kai rigima?

Mai_Neman_Sani:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka, sunan da nake so in sa wa shafina an riga an kama shi a .com, mai shi kuma kuɗin da ya yanka ba na hankali ba ne, sai na ga irin su .shop da .store da .xyz a buɗe kuma da arha. Sannan wani ya ce min wai in sayi sunayen manyan kamfanoni a sababbin nan in ajiye, wata rana su da kansu za su zo su saya da tsada. Da gaske ne?

Injiniya_01:
Wa alaikumus salam. Na farkon ba matsala malam, ko Alphabet uwar kamfanin Google abc.xyz ta ɗauka a 2015. Abin ya faro ne a 2012 da ICANN, hukumar da ke kula da sunayen adireshin intanet, ta buɗe ƙofar neman sababbin ƙarshe, buƙatu 1,930 aka shigar, kowacce dala 185,000 kuɗin nema kawai, daga ƙarshe sama da 1,200 suka fito. Kuɗi na gaske kuwa masu riƙe da ƙarshen ne suka zuba suke kuma kwasa, .shop ɗin da kake magana kamfanin GMO na Japan dala miliyan 41.5 ya biya a gwanjo a 2016, kai kuma ta ina kake tsammanin za su mayar? Ta wajen sabuntawa mana. Shekarar farko su ba ka kamar kyauta, ta biyu su ninka, kuma ba kamar .com ba su babu wanda ya ƙayyade musu farashi. Duba kuɗin sabuntawa kafin ka biya.

Lauyan_Gobe:
Shawara ta biyun nan wallahi kar ka soma. Tun 1999 akwai tsarin UDRP na warware rigimar sunayen adireshin intanet, mai tambarin kasuwanci zai kai ƙara wajen irin su WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Geneva, in ya nuna sunan ya yi kama da nasa, ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka yi rajista kake amfani da shi, shi ke nan a ƙwace a ba shi ko sisi ba za ka gani ba. Kuma abin dariyar, saƙon da za ka tura musu kana cewa ku zo ku saya, shi ne hujjar mugun nufin da za su ajiye a gaban masu hukunci. A Amurka ma abin ya fi haka, dokarsu ta ba da damar a ci ka diyya daga dala 1,000 har 100,000 kan kowane suna ɗaya. Ga shi kuma ana ba masu tambari damar fara yin rajista kafin a buɗe wa kowa, wanda suka bari ba mantuwa suka yi ba.

Hajiya_Tek:
Ni fa kamfanonin ma tausayi suke ba ni wani lokacin, ku tuna .sucks a 2015 da aka riƙa karɓar dala 2,499 hannun masu tambari don kawai kar wani ya kama sunansu ya riƙa zaginsu, wannan ai tatsa ce. Abu ɗaya da ba a faɗa maka ba ɗan uwa, 'yan damfara suna son ƙarshen da ya fi arha, shi ya sa wasu imel ɗin da ke fitowa daga can suke faɗawa sifam, wato akwatin saƙonnin banza, kwastoma kuma ya saba hannunsa ya buga .com ya tafi shafin wani.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai. To in kalmar gama-gari ce fa, kamar takalma ko littafi, ba sunan kowa ba?

Lauyan_Gobe:
Wannan da sauƙi, saye da sayar da irinsu halas ne, sai dai ka fara bincika rajistar tambura tukuna, don Apple ma kalmar gama-gari ce amma gwada sayar da waya a ƙarƙashinta ka gani.