Lorin Kaka da Manafilla

Jikan Mai Wurno:
Salamu alaikum. Na tsinci hoton Kaka a akwatin Baba, ya jingina da motar Bedford, wadda mu a nan Sudan muke kira Sifinja. Taubashina na Gadarif, fito ka amsa.

Kakana ya hau lori tun da wuri,
Naka yana bin jaki da tsumagiya.
In ya taso Sinnar da buhunan dawa,
Ƙura ta tashi har ta rufe tsamiya.
Mata su bar daka, yara su bar kiwo,
Akuya ta tsinke ta gudu da igiya.

Ɗan Gadarif:
Taubashi sassauta, akwai manya a nan,
Lorin da kake faɗi ba kakanka ke da shi.
Yaron mota ne, mai murɗa manafillar tada inji,
In ƙarfen ya ƙwace ya doki haƙarƙarinshi.
Mu a Gadarif tun shekarun 1940
Injin huɗa ke gaba, riɗi na bin shi.

'Yar Kassala:
Wayyo cikina! Shayi ya zube mini a taubi, mayafina. Gadarif ta ci wannan.

Malam na Madani:
A'a, 'yata, ba a ci ba. Karanta ɗango na biyar da baki: alif ɗari tara da arba'in. Ina karin ya tafi? Sannan shi, shi, shi kalma ɗaya ce aka jera, ba amsa-amo ba.

Ɗan Gadarif:
Allah gafarta Malam, shekara ba ta lanƙwasuwa, a haka na same ta.

'Yar Kassala:
Malam ɗan Jazira ne, dama ina zai bar maƙwabcinsa ya sha ƙasa?

Malam na Madani:
Ba na ɓangare. Ga yadda ake yi:

Da aka datse Nilu a Sinnar,
Ruwa ya biyo tur'a ya zo hawasha.
Motar mufattish in ta ɓullo,
Mai barci a inuwa ya nemi magirbi da gaggawa.

Tur'a ita ce magudanar ban ruwa, hawasha gonar manomi, mufattish kuma jami'i mai duba gonakin. Madatsar a 1925 aka gama ta, kun ga ban cusa shekarar cikin baiti ba.

Ɗan Gadarif:
Malam, hawasha da gaggawa ne amsa-amon? Ɗangon ƙarshen nan kuma ya fi jirgin auduga tsawo.

Malam na Madani:
Duka da wasalin a suka ƙare. Je ka yi karatu.

'Yar Kassala:
To kusan rabin Hausa da a take ƙarewa, Malam.

Jikan Mai Wurno:
Ku bar Malam ya huta. Wuta ce aka ɗauke mana tun jiya, ba gudu na yi ba.

Mai injin huɗa, faɗa musu damina,
Ranar da baƙar laka ta riƙe taya.
Kwana uku kakanka na tonon ƙasa,
Rawani ya zama tsumman shafe taya.
Jakin da ya raina shi ya kawo tuwo,
Ya yi kuka biyu ya juya baya.

Malam na Madani:
Taya sau biyu.

Goggo (jikarta ke rubuta mata):
Sai yau aka karanta mini shirmenku. Kai ɗan Gadarif, haƙarƙarin da kake wa dariya na uban uwarka ne, ni na dafa ruwan da aka gasa shi. Kai kuma mai hoto, lorin na wani ɗan kasuwa ne. Baba ya yi shekaru yana tokare taya da katako, yana ɗebo ruwan kogi a garwa yana shayar da inji, kafin a ba shi sitiyari. Ranar da ya fara shigowa gari da kansa, kakarmu ta ƙi hawa. Ta ce ita da mijinta da ƙafa suka tako daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, abin da ke tari ba shi da huhu ba zai ɗauke ta ba. Ga nawa:

Mun hau saman buhu mu tara,
Da kaji da turmi da amarya.
A gangare mota ta mutu murus,
Ango ya sauka yana turi da sabuwar jallabiya.

'Yar Kassala:
Inna ta rufe taro! Malam, a ƙirga mata gaɓoɓin mana.

Malam na Madani:
Hajiya yayata ce, ba na ƙirga wa manya.

Ɗan Gadarif:
Inna, a yi mini afuwa. Amma wane ne angon?

Goggo:
Ubanka.