Kamfa da yuriya duk na zuba, amma masarar ta ƙi

Manomin Soba:
Assalamu alaikum. Gonata tana gefen Maigana, hekta ɗaya da 'yan kai, gadon mahaifinmu ce. Shekara 11 ke nan masara nake yi a cikinta ba hutu, karan kuma shanu su ci, sauran mu kwashe mu yi danga. Da can buhu 30 nake ɗinkewa, bara 19 na samu. Bana na zuba kamfa 15-15-15 buhu huɗu, na bi da yuriya biyu, amma tun tana kai gwiwa sabbin ganyen suka fito da zane fari-fari a gefe biyu na jijiyar tsakiya, kamar an ja musu alli. Karan ya tsugune, gaɓoɓin sun matse. Maƙwabcina ya ce in ƙara yuriya. Kafin in sa uwargida ta sayar da akuyarta, don Allah mai sani ya taimaka.

Tsohon Malamin Gona, Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, ka bar wa uwargida akuyarta. Da yunwar yuriya ce, tsofaffin ganyen ƙasa ne za su fara yin ɗorawa, daga tsini zuwa ciki. Naka kuwa sabbi ne, ga zane, ga tsugunnon kara. Wannan alamar ƙarancin zinki ce. Lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa sinadarai uku kawai suke nufi: naitirojin, fosfaras da fotashiyam. Zinki kaɗan masara ke so, kamar gishiri a miya, amma shekara 11 kana ɗiba a hatsi da kara ba ka mayarwa. Wani abin ma, fosfaras in ya yi yawa yakan hana saiwa jan ɗan zinkin da ya rage.

Na gaggawa, ka nemi zinki salfet, giram 5 a kowace litar ruwa, wato kamar giram 80 a famfon goyo mai lita 16. Ka fesa da sassafe ko da yamma, rana tsaka ganye zai ƙone. Fara da kunya biyar, ka ƙyale na kusa da su, bayan kwana goma sai ka gwada sabon ganyen da na can. In an girbe, ka haƙo ƙasa zurfin taƙi ɗaya daga wurare da dama, ka cakuɗa, ka kai Samaru, wurin IAR, cibiyar binciken aikin gona, a auna. Daga Maigana ai ba tafiya ba ce.

Hajiyar Saminaka:
Baba ya faɗi gaskiya, amma feshi ciyar da ganye ne, ƙasar na nan da yunwarta. Tawa gonar ma ta taɓa yin wannan lalacewar. Na raba ta biyu, rabi waken soya rabi masara, ina juyawa duk shekara, da rani kuma in sa a watsa kashin kaji. Sai a damina ta biyu na ga bambanci. Ka daina kwashe karan nan ƙaf.

Kuma in mai shago ya miƙo maka boron, wani sinadarin da shuka ke so kaɗan kamar zinki, ya ce haɗa, kada ka karɓa sai an auna. Shi ɗan ƙari kaɗan ke mayar da shi guba.

Manomin Soba:
Allah ya saka da alheri. Baba, ba ni da sikeli. Giram 80 ɗin nan, cokali nawa ne? Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Sabon Gari.