Wa ya taɓa neman jirginsa a Wasan Rayuwa na Conway?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina son waɗanda suka taɓa zama da Wasan Rayuwa na John Conway su ba mu labarin abin da suka gani, musamman kan siffofin nan masu tafiya da ake ce wa jirage. Ga sababbin shiga: fili ne mai gida-gida, kowane gida ko yana da rai ko babu, kuma kowanne yana da maƙwabta 8. Gidan da ba kowa, idan maƙwabtansa masu rai 3 ne cif, sai a haihu a cikinsa. Mai rai yana ci gaba da rayuwa idan maƙwabtansa masu rai 2 ne ko 3, in ba haka ba ya mutu. Iyakar dokar ke nan, kuma duk lokacin da aka bi ta a dukan gidajen a lokaci guda, an yi zagaye ɗaya ke nan. Jirgi kuwa siffa ce da bayan wasu zagaye take komowa yadda take, amma ta gusa daga inda ta fara.

Ni a allo na fara, da ɗalibaina 'yan aji biyar. Na zana musu gilaida, gidaje 5 kacal, muka bi ta zagaye 4, sai ga ta ta dawo kamanninta ta matsa gida ɗaya a karkace. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai ba tafiya take ba, mu ne muke sharewa muna sake zanawa." Ban musa mata ba, don babu gida ko ɗaya da ya motsa. Daga nan suka ce su ma sai sun ƙirƙiro nasu. Har aka yi hutu, duk abin da suka zana ko ya mutu ko ya daskare wuri ɗaya. To ku fa? Wa ya gwada, da me, kuma ina ya tsaya?

Injiniya Bakano:
Wa alaikumus salam Malam. Ka gaya wa yaran kada su ji haushi, ita kanta gilaidar ba ƙirƙirar ta aka yi ba, tsinto ta aka yi. Richard Guy ne ya hango ta tana ficewa lokacin da su Conway ke bin wata siffa mai gidaje 5, wato R-pentomino, da hannu a Kambirij. Ita R-pentomino ɗin, 'yar ƙaramar aba, sai ta yi zagaye 1103 kafin ta lafa, kuma tana harba gilaida 6 a hanya.

Ni hanyar tsintuwar na bi. Akwai manhajar apgsearch ta Adam Goucher: tana watsa haɗin gambiza a fili mai gida 16 sau 16, ta bari ya ƙone har ya lafa, ta ƙirga abin da ya rage a tokar, ta aika sakamakon zuwa rumbun Catagolue. Na ɗora wa tsohuwar kwamfutata, kullum dare in bar ta tana huci. In an ɗauke wuta batir ya ƙare, da safe in sake tayarwa. Abin da na samu: bulo, mai ƙyaftawa, amya (ƙananan siffofi ne da ba sa barin wurinsu), gilaida ruwan dare. Akwai kuma jirage 'yan uku masu tafiya miƙe, ƙarami da na tsakiya da babba: jefi-jefi ƙaramin mai gidaje 9 ya fito, na tsakiya bai kai shi yawa ba, babban kuwa sai an jima. Sabo ko ɗaya ban gani ba. Dalilin a fili yake: duk lokacin da siffa ta ƙara girma, yiwuwar ta haɗu da kanta daga tarkace tana faɗuwa warwas. Kuma mutane da yawa sun riga sun zuba miliyoyin miliyoyin haɗi a rumbun, to ina ga kwamfuta ɗaya a ɗakin gwauro.

'Yar Damagaram:
Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma ba ta nan ake samun yawancin sababbin jirage ba. Ni aikin kammala digiri ne ya jefa ni ciki. Ba a jira jirgi ya fito, kai ne za ka yanke masa sharaɗi tun farko: ina son wanda ke komowa bayan zagaye kaza, ya matsa gida kaza, faɗinsa kada ya wuce kaza. Sai manhaja ta fara gina shi layi-layi daga goshi zuwa baya. Kowane sabon layi dole ya dace da na gabansa a dukan zagayen. Idan ta kai inda babu layin da zai dace, ta ja da baya ta canza na baya. Jirgi ya samu ne ranar da layukan suka ƙare a wofi, wato wutsiya ta rufe da kanta. Haka gfind ta David Eppstein ke aiki, kuma shi ya samo Weekender a 2000, mai matsa gida 2 a zagaye 7.

Na rubuta tawa da Python, ba don ta fi ba sai don in gane. Da na ba ta gudun gida 2 a zagaye 4, ta dawo min da ƙaramin jirgin Conway. Murnar da na yi ranar, ƙanwata ta ɗauka sakamakon jarrabawa ne ya fito. Da na sauya gudu kuwa sai na shiga duniyar guntaye. Za ka ga goshi mai kyau, yana tafiya daidai, layi ashirin, talatin, amma bayansa ba ya rufuwa. Ka sa shi a Golly, manhajar da ake kunna wasan a cikinta, ka danna, goshin ya yi gaba na ɗan lokaci, wutar da ta tashi daga baya ta biyo shi ta cinye. Ka ƙara faɗi da gida ɗaya tak, aikin ya ninka har ƙwaƙwalwar kwamfutar ta cika ta tsaya. A nan na tsaya ni ma.

Abin da ke hana ni fid da rai shi ne Copperhead. A Maris 2016 wani sabon shiga, wanda aka sani da zdr kawai, ya fito da shi: gidaje 28, yana matsa gida ɗaya a zagaye 10. Ƙarami ne, kwamfutocin shekaru da yawa kafin nan za su iya samo shi. Ba a dai leƙa wurin da kyau ba ne. Haka Loafer na Josh Ball a 2013, gidaje 20, gida ɗaya a zagaye 7.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, Allah ya yi albarka, kin yi bayani. Ku yaran yanzu kun samu sauƙi. Ni ina karatu a Ingila na ci karo da wasan, a tsofaffin mujallun Scientific American na ɗakin karatu, inda Martin Gardner ya fara bayyana shi a Oktoba 1970. Lokacin kwamfuta layi ake bi. Mu kan buga sakamakon a doguwar takarda, tauraro a wurin mai rai, ɗigo a wurin wofi, mu shimfiɗa a ƙasa muna bi da biro. Jiragen da muka sani huɗu ne: gilaida da 'yan uku masu tafiya miƙe. Gudu biyu ke nan, kuma su ne iyakar da doka ta yarda, gida ɗaya a zagaye 4 a karkace, gida ɗaya a zagaye 2 a miƙe. Babu jirgin da zai wuce haka a fili wofi. Kusan shekara ashirin ba wanda ya ga wani gudu daban, har muka fara zaton babu. Sai 1989 Dean Hickerson ya rubuta manhajar bincike ya samo mai gida ɗaya a zagaye 3. Ni lokacin na dawo gida, iyali da aiki sun sha kaina, sai bayan ritaya jikana ya sa min Golly na ga inda aka kai. Wallahi na yi shiru.

Amma ina da ja a kan abu ɗaya. Waɗannan ƙattin da ake haɗawa da hannu, ni ban iya kiran su jirage ba.

Ɗan Wayarin:
Ranka ya daɗe Baba, a yi min afuwa, ni ɓangarensu nake. Neman sabo ya fi ƙarfina, sai na koma gini. Ginin nan da gilaida ake yin sa: ka harbo biyu ko uku su yi karo a daidai wuri, a daidai zagaye, sai tarkacen ya zama abin da kake so. Gilaida 2 suna ba da bulo. Gilaida 3 suna ba da ƙaramin jirgi. Na zauna na haɗa wannan da kaina daga bindigogin Gosper uku, irin wadda Bill Gosper ya samo a 1970 ya ci dala 50 ɗin da Conway ya sa, mai fitar da gilaida duk zagaye 30. Wahalar duk a lokaci take. Ka matsar da bindiga ɗaya da gida ɗaya, ko ta makara da zagaye ɗaya, maimakon jirgi sai ka samu tarkace, wani ɓarɓashi ya koma baya ya rushe bindigar. Kamar wayarin gida ne, waya ɗaya ta sauka inda bai kamata ba sai ka ji ƙauri. Amma ranar da ta daidaita, na zauna ina kallon jirage suna fitowa a jere, ba na ko taɓa komai.

Su manyan haka suke, an dai faɗaɗa. Caterpillar da Gabriel Nivasch ya kammala a 2004, tare da aikin Jason Summers da David Bell, ya haura gidaje miliyan 11, yana gudun gida 17 a zagaye 45. Yana hawa kan layin masu ƙyaftawa ne, kuma shi yake aika jirage gaba su shimfiɗa masa layin kafin ya iso. Gemini na Andrew Wade a 2010 ya fi ban mamaki. Umarnin gininsa yana rubuce a jerin gilaidoji masu kai da komo tsakanin ɓangarorinsa biyu. Yana gina sabon kansa a gaba yana rushe tsohon a baya, kuma sai bayan zagaye 33,699,586 yake komowa, ya matsa gida 5120 ta nan, 1024 ta can. Na buɗe shi a Golly da HashLife, dabarar Gosper ta tuna abin da aka riga aka lissafa don kada a maimaita. In ba da ita ba, ba ka ganin ƙarshensa. Baba, ya dawo kamanninsa, ya gusa. Wane sharaɗi ne bai cika ba?

Baba Mai Ritaya:
Ya cika a takarda, yaro, ban ƙi ba. Amma gilaida ba wanda ya gaya mata ta yi tafiya. Gemini kuwa an rubuta masa komai, mutum ne ke tafiya a cikinsa. Ni Sir Robin ne ya burge ni.

'Yar Damagaram:
Baba ya taɓo inda nake so. Gemini ne jirgi na farko da ba miƙe yake tafiya ba, ba kuma a karkace sosai ba, amma an daɗe ana neman ƙarami, wanda ba haɗi ba, mai tafiyar dokin wasan ces: gida 2 gaba, 1 gefe. A 2004 Eugene Langvagen ya samo wanda bayan zagaye 6 gidaje biyu ne kawai ba su dace ba. Gidaje biyu! Haka aka zauna har 6 ga Maris 2018, da Goucher ya ɗauki wani guntu na Tomas Rokicki ya ba manhajarsa ikpx, wadda ke mayar da matsalar jerin sharuɗɗan i ko a'a ta miƙa wa manhajojin warware irinsu. Sir Robin ya fito da gidaje 282, zagaye 6. Tun da na karanta wannan na daina goge guntayena, na buɗe musu jaka ta daban.

Ummu Hanan:
Ni dai kallo nake, a waya nake wasa da shi in yara sun yi barci. Tambaya: na canza lambobin doka ina lalube, sai ga abubuwa suna ta gudu ko'ina, wasu ma sun fi gilaida sauri nesa. Na samo sabo ke nan ko me?

Injiniya Bakano:
Hajiya, kin fita daga dokar Conway ne. Akwai dokoki da jirage ke zuba a cikinsu kyauta. A Seeds, inda ake haihuwa da maƙwabta 2 kuma ba mai rai da ke kwana, akwai masu matsa gida ɗaya kowane zagaye. Brian's Brain ma haka, kusan duk abin da kika watsa sai ya tashi. Iyakar gudun da Baba ya faɗa ta dokar Conway ce. Amma kada ki raina abin, dokokin suna da yawa ƙwarai kuma ba duka aka tone ba, mai ƙaramar na'ura ya fi samun rabo a can. Ki rubuta lambobin dokar, ki duba ko Catagolue na da siffar.

Malamin Lissafi:
Na gode ƙwarai jama'a. Zango mai zuwa zan daina ce musu su ƙirƙiro daga wofi. Ɗan Wayarin, wane karo ne ya fi sauƙin bi a allo, wanda ba zai cinye mana darasi biyu ba?

Ɗan Wayarin:
Malam, fara da gilaida biyu masu ba da bulo, 'yan zagaye kaɗan ne ya lafa. Ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya matsar da gilaida ɗaya da gida ɗaya, su kwatanta abin da ya fito. Wasu za su ga duka biyun sun ɓace ƙurmus, wasu su samu wata siffa daban. Ka ba su fili mai faɗi, don akwai karon da ke bazuwa fiye da takarda. Karon gilaida ukun nan mai ba da jirgi ka bar shi sai ka samu kwamfuta ko waya, zan turo maka zanen da daddare in wuta ta dawo.