Da wanne zan ci gaba cikin finafinan Al Pacino?

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Scarface kaɗai na taɓa gani na Al Pacino. Wai mutumin nan ihu kawai ya iya ne? A ba ni shawarar na gaba.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Auta ai ta taga ka shigo. Koma 1972 ka nemi The Godfather, a can da ƙyar za ka ji ya ɗaga murya. Ka lura da wurin da yake zaune a gidan abinci tare da mutum biyun da zai harbe: baki gum, idanu na ta yawo, ƙarar jirgin ƙasa na ƙaruwa. Kuma kamfanin Paramount ba su so shi ba fa, darakta Coppola ne ya kafe sai shi.

Malam na Zariya: Ba mamaki, ɗan dandamali ne tun asali. A 1969 ya ci kyautar Tony ta wasan dandamali a Broadway da ke New York, lokacin 'yan sinima ba su san da zamansa ba. Idan ka gama Godfather na ɗaya ka wuce na biyu, na 1974. Tsohon nan Hyman Roth da za ka gani, Lee Strasberg ne, malamin Pacino a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Actors Studio. Malami da ɗalibi suna yi wa juna makirci a gaban kyamara. Kakannin Pacino na wajen uwa ma 'yan garin Corleone ne, can Sisili a Italiya, garin da dangin cikin fim ɗin suka samo sunansu.

Maman 'yan biyu: Ku dai faɗa masa ya bari yara su yi barci tukuna, akwai jini. Ni Scent of a Woman nake so, inda ya fito makahon tsohon soja mai baƙin rai. Shi ya ba shi Oscar a 1993.

Ɗan Fagge: Hajiya a yi mini afuwa, wannan Oscar ɗin biyan bashi ne. Da Dog Day Afternoon na 1975 ya kamata a ba shi. Fashin banki ne da ya lalace tun daga bakin ƙofa, yana ta zufa yana kame-kame.

Maman 'yan biyu: Bashi ko ba bashi ba, rawar tango ɗin nan ta Scent of a Woman ta ishe ni.

Malam na Zariya: Auta, in ka kai Dog Day ka sa ido kan abokin fashin nasa, John Cazale, wanda ya yi Fredo a Godfather. Finafinai 5 kacal ya yi kafin kansar huhu ta kashe shi a 1978, kuma dukkansu sun shiga takarar gwarzon fim a Oscar.

Auta: Godiya nake Malam. Heat fa? An ce akwai De Niro.

Ɗan Fagge: Na 1995, ajiye shi a ƙarshe. Ka cika caji dai, Godfather na ɗaya ya kusa awa uku.